Ɓarayi Biyu A Rumbu Guda

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a cikin jaridar nan tamu mai farin jini, in ba 'yan'uwana masu karatu labarin wata cuta da ta same ni, ko wani ya ƙaru da shi. Ni ba likita ba ne, tsohon malamin makaranta ne, shekara 35 ina riƙe da alli kafin in ajiye. Abin da zan faɗa, wani a jikina na gan shi, wani kuwa daga bakin likitocin da suka duba ni na ji, don ni mutum ne mai yawan tambaya, duk abin da aka gaya mini kuma sai na rubuta shi a ɗan littafina.

Jama'a, kun san yadda a ke yi a ƙauye in an san wani da ɗan hali. Ko kaza ce ta ɓata, shi ne. Ko dami ya yi ƙafa a rumbu, shi ne. Ba mai tsayawa ya duba sawu. Sau da yawa kuwa shi ɗin ne, amma wata rana a kan sami wani ɓarawo daban wanda ba a san fuskarsa ba, ya yi ta ɗiba a ɓoye ana ta dukan na fili. To, haka aka yi da ƙodata.

A shekarar 2010 aka gane ina da ciwon sukari. Ƙishirwa da yawan fitsari da rama su suka kai ni asibiti. Likita ya kafa mini dokoki, ni kuwa da na saba kafa wa yara doka, sai na ga abin kunya ne in karya ta wani. Na bar sukari a shayi da koko, na rage tuwo na ƙara ganye, ko wace safiya in taka daga gida zuwa bakin kasuwa in komo, magani kuwa ban taɓa tsallake shi da gangan ba. Na sayi 'yar na'urar nan ta awon jini, in huda yatsa in rubuta abin da ta nuna. Shekara goma muna haka lafiya lau.

Cikin damunar 2021 sai na fara ganin kumfa a fitsarina, irin ta sabulu, wadda ba ta bajewa ko an daɗe. Ban kula ba. Bayan kamar wata biyu takalmina ya matse ni, in na danna ƙaurina da yatsa sai wurin ya lotsa ya ƙi tasowa, da safe kuma in tashi fuska a kumbure kamar wanda rina ta harba. Na tafi wani ɗan asibiti kusa da mu. Wanda ya duba ni ya buɗe katina, da ya ga an rubuta sukari sai ya rufe, ya ce, "Baba, ai sukari ne ya taɓa ƙoda. A ƙara kiyaye baki." Ya rubuta mini maganin sa fitsari, ya kira na bayana. Ban ce ya yi ƙarya ba, kamar yadda za ku ji nan gaba, sai dai rabin magana ya faɗa.

Kalmar nan ta kiyaye baki ita ta biyo ni gida ta zauna. Uwargida, wadda ta yi shekara goma tana raba mini tukunya, ta tsare ni da dare ta ce, "Malam, don Allah ka gaya mini gaskiya. In ka fita majalisa, me ka ke ci?" Na ce ba na cin kome. Ta yi shiru, na kuwa san ba ta yarda ba. 'Ya'yana suka shiga lalube aljihun rigata in na tuɓe, ko za su ga dabino ko alewa. Abin ya ɓata mini rai ƙwarai, mutum da furfurarsa a mai da shi yaron da ya saci ƙuli-ƙuli. Abin da ya fi wannan muni, ni ma na fara zargin kaina. In kwanta in yi ta lissafi, alkakin da na gutsura ran bikin wance, da nakiyar da na ɗanɗana da salla, ko su ne suka ja mini?

Cikin wannan ruɗu na yi wauta biyu, zan kuwa faɗe su don kada wani ya maimaita. Ta fari, na sayi kwalbar wani jiƙo wurin masu tallan magani da lasifika a mota, wai yana wanke ƙoda. Kwana uku na sha, amai ya hana ni ci gaba. Ta biyu, gwiwata na ciwo, sai na riƙa aika yaro kantin magani ya sayo mini ƙwayoyin kashe zafi, irin su dikulofenak da ibufurofen, ina sha safe da yamma. Daga baya na ji cewa waɗannan ƙwayoyi suna rage jinin da ke shiga ƙoda, ga mai raunin ƙoda kuwa ƙara wa wuta itace ne.

Da kumburi ya kai gwiwa, a farkon 2022, babban ɗana ya ɗauke ni ya kai ni wani babban asibiti wurin likitan ƙoda. Yaro ne, bai fi sa'an ɗana ba, amma ya karɓi littafina ya bi shi shafi shafi kamar mai duba jarrabawa. Sa'an nan ya jawo takarda ya zana mini yadda ƙoda ta ke aiki. Ya ce ko wace ƙoda girmanta kamar dunƙulen hannu ne, amma a cikinta akwai 'yan matatai wajen miliyan guda, ko wane ɗan curin jijiyoyin jini ne wanda ido ba ya gani. A kwana guda su kan tace ruwa wajen lita 180 daga cikin jini, watau jarka 9 ta lita 20, sa'an nan ƙoda ta mayar da kusan dukansa cikin jiki, ba ta zubar da abin da ya wuce kamar lita ɗaya da rabi ba, shi ne fitsari. Matacin kirki ya kan bar datti ya wuce, ya riƙe abin amfani. Babban abin da ya ke riƙewa shi ne furotin na jini, wanda ke hana ruwa tsiyayewa daga jijiyoyi. In mataci ya lalace furotin ya zube cikin fitsari, ga kumfa ke nan. Jini kuma ya kasa riƙe ruwansa, ga kumburi. Mai lafiya ba ya zubar da abin da ya kai miligiram 150 a kwana. Ni da aka tara fitsarina na kwana guda aka auna, na haura giram 5.

Ya ce, "Baba, gaskiya ne sukari na ɓata ƙoda, kusan mutum ɗaya cikin uku na masu ciwon ya kan taɓa tasu. Amma abu uku ba su yi daidai ba a nan." Na fari, awon jinin da ke nuna yadda sukari ya kasance cikin wata uku ya tabbatar da abin da na rubuta a littafi, watau ina kiyayewa. Na biyu, ya aike ni wurin likitan ido aka haska bayan idona, aka ga ɓarna 'yar kaɗan. Sukari kuwa in ya ci ƙoda har haka, yawanci sai ka tarar ya ci ido ma, don ƙananan jijiyoyin jini ya ke bi, a ido da ƙoda duka. Na uku, ɓarnar sukari tafiyar hawainiya ta ke yi, shekara da shekaru, tawa kuwa cikin 'yan watanni ta yi tsalle, ga hawan jini ya ƙi jin magani, ga ƙarancin jini fiye da kima.

Sai ya shiga yi mini tambayoyin da suka ba ni mamaki. Akwai kurma a danginmu? Akwai wanda ciwon ƙoda ya kashe da ƙuruciya? Ya kama hannuna ya duba farata ɗaya ɗaya, ya shafa ƙoƙon gwiwata. Na ce, "Likita, ƙoda na kawo maka, me ya kai mu farce?" Ya yi dariya ya ce akwai cututtukan ƙoda na gado da kan zo da alamu a waje. Wata tana tafe da kurumta, wadda wani likita mai suna Alport ya bayyana a Ingila a 1927. Wata kuwa da lalatattun farata da ƙanƙanen ƙoƙon gwiwa. Bai ga ko ɗaya a jikina ba. Ya ce saura hanya guda, a tsakuro ɗan naman ƙodar da allura a duba.

Ba na ɓoye muku, na ji tsoro, na yi mako biyu ina ja da baya. Ga kuɗi kuma, don sai da na sayar da bijimai biyu da na ke kiwo. Aikin kansa bai kai tsoron ba. Na kwanta rub da ciki, aka kashe wurin da allura, ana kallon ƙodar a na'urar hoto, aka soka wata siririyar allura ta baya aka ɗebo nama kamar guntun zare. Na kwana ɗaya a asibiti ana lura ko jini zai zuba, na koma gida. Naman kuwa aka raba shi kashi uku, ko wane da kwalbarsa da ruwansa, aka aika da shi Indiya, domin awo na ukun sai da wani babban madubin likita mai aiki da ƙwayoyin lantarki maimakon haske, asibitin kuwa ba su da shi.

Bayan mako shida takarda ta iso. Likita ya ce, "Baba, ɓarayin naka biyu ne." Ga na farko, wanda muka sani. Bangon matatan ya yi kauri, wasu kuma sun yi 'yan ƙulle-ƙulle a tsakiya, irin waɗanda likitoci biyu, Kimmelstiel da Wilson, suka bayyana a Amurka a 1936 a ƙodar masu ciwon sukari. Amma masu duba nama su kan rina shi kamar yadda marina ke rina zane, ko wane abu da launin da ya ke kamawa. Ɓarnar sukari ta kan kama jan rini sosai. A nawa sai suka ga wani abu mai yawa ya cika tsakiyar matatan da ƙarƙashin bangonsu, ya ƙi kama jan sai dishi-dishi, da aka sa wani rinin kuwa ya fito shuɗi. Da aka kai shi babban madubin sai ga zaruruwa a lanƙwashe, bakinsu a tsefe kamar tsohuwar igiya, ko wane da zane a gicciye jere da jere, tazarar zane da zane kusan ɗaya cikin dubu na kaurin gashin kai. Wannan shi ne ɓarawo na biyu.

Sunan zaren nan kolajin. Kada sunan ya firgita ku, kowa ya san shi. In an dafa ƙafar saniya ko ganda, romon ya huce ya daskare yana rawa, to, kolajin ne ya narke ya sake kamawa. Shi ne igiyar da aka ɗaure jikin mutum da ita, yana cikin fata da ƙashi da jijiya, kusan sulusin furotin na jiki duka shi ne. Masana sun ƙidaya iri 28, ko wane da wurin zamansa. Iri na huɗu shi ne aka saƙa bangon matacin ƙoda da shi, kamar ragar rariya. Iri na uku kuwa gidansa fata da hanji da bangon jijiyoyin jini, ko a ƙoda ma a gefe ya ke zama, ba shi da gurbi cikin mataci mai lafiya. Cutata ita ce wannan na ukun ya shiga inda ba wurinsa ba ya yi ta taruwa, kamar a zuba yayi a rariyar gida: hanyar ta toshe, bango kuma ya tsage.

Na tambayi likita ko mu nawa ne masu ita. Ya ce shi kansa a littafi ya karanta ta, bai taɓa ganin mai ita ba sai ni. Wani likita ɗan ƙasar Japan mai suna Arakawa shi da abokan aikinsa suka fara bayyana ta a 1979. Daga lokacin zuwa yau, waɗanda aka rubuta labarinsu a duniya duka ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, mafi yawansu kuwa a ƙasashen Asiya, musamman Japan da Indiya. Ta kan kama maza da mata, yara da tsofaffi. An ga inda ta kama yara 'yan uwa ɗaya uba ɗaya, wannan ya nuna wani lokaci ta gado ce, amma a manya yawanci haka nan ta kan faɗo. Masana sun rabu biyu a kan asalinta. Wasu sun ce ƙodar ce da kanta ke saƙa zaren, wasu sun ce jini ke kawo shi daga wani wuri, don in an auna jinin masu cutar a kan tarar da ɗanyen kayan saƙar ya yi yawa ƙwarai.

Na ce, "To, mene ne maganinta?" Ya dube ni ya ce, "Baba, ba zan ruɗe ka ba, har yanzu ba a sami maganin da ke narkar da zaren nan ba." Raina ya ɓaci, na ce ashe bijimaina sun tafi a banza, na sayi sunan cuta ba magani. Ya ce in saurara. Da ba a duba naman ba, da mai yiwuwa an zaci wata cutar ce ta garkuwar jiki, a ɗora ni wata da watanni kan magunguna masu ƙarfi irin su firedinisolon, waɗanda za su hau da sukarina sama, su buɗe wa wasu cututtuka ƙofa, ba su kuwa taɓa zaren ba. Yanzu mun san inda ba za mu zuba kuɗi da lafiya ba, mun kuma san inda za mu sa ƙarfi.

Ga inda muka sa shi. Hawan jini shi ne abokin ɓarayin nan biyu, don haka aka ba ni magani irin wanda ke sauke jini ya kuma rage zubar furotin, sunansa losatan, ana auna jinina a kai a kai don a ga yadda ƙoda ta karɓe shi. Gishiri da dunƙulen miya da kanwa aka rage su ƙwarai a tukunyata. Aka sake lissafin maganin sukarina, don in ƙoda ta yi rauni magani ya kan daɗe a jiki, wanda bai sani ba sai sukarinsa ya faɗi ƙasa ya suma. Aka yi mini maganin ƙarancin jini. Kumburi ya sauka, na koma sa takalmina, ko da ya ke awo na nuna ƙodar tana raguwa a hankali. Likita bai ɓoye mini ba cewa wata rana mai yiwuwa in bukaci wankin ƙoda, sau biyu ko uku a mako, ko wane zama wajen awa huɗu, ko kuwa dashe. Na gwammace in san wannan da sauran ƙarfina, in shirya gidana, da a ce ya faɗo mini da tsakar dare. 'Ya'yana duka an auna fitsarinsu saboda maganar gado, an tarar da su lafiya.

Ranar da muka komo da takardar, ɗana ya karanta wa uwarsa bayanin. Ta daɗe ba ta ce kome ba, sa'an nan ta ce, "Malam, ka yafe mini, na zarge ka a kan abin da ba ka yi ba." Na ce ai ba laifinta ba ne, abin da aka gaya mana ta bi, kuma don tana so na ta tsananta. Tun ranar ba wanda ya sake taɓa aljihuna. In ba abin da takardar nan ta saya mini sai wannan, ni dai ban yi asarar bijimaina ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. 'Yan'uwana masu ciwon sukari, kada wani ya karanta wannan ya ce ashe sukari ba ruwansa, ya koma wa kwanon zaƙi. Ku tuna ni da na kiyaye ma an ga sawunsa a ƙodata, ina ga wanda ya sake? Cutata ba kasafai a kan gan ta ba. Cikin masu sukarin da ƙodarsu ta taɓu, mafi yawa sukarin ne da hawan jini. Abin da na ke roƙo shi ne ko wane mai sukari ya kai fitsarinsa da jininsa a auna lafiyar ƙoda sau ɗaya a shekara ko ba ya jin kome, don ƙoda ba ta kuka da wuri, kafin a ga kumburi ɓarna ta yi nisa. A haska ido ko wace shekara, a riƙa auna hawan jini. A guji ƙwayoyin kashe zafi ba da izinin likita ba, da jiƙon da ba a san abin da ke cikinsa ba. In kuwa ka ga kana kiyayewa amma abu na gudu, ko jini ya fito a fitsari, ko idonka lafiya ƙoda na lalacewa, to, ka tambaya da ladabi ko akwai wani abu ban da sukari, ka nemi a haɗa ka da likitan ƙoda. Matambayi ba ya ɓata.

Iyalan marasa lafiya kuma, ku taimaka da kiyayewa, amma ku sassauta zargi. Mai ciwo yana ɗauke da kaya, kada a ɗora masa tuhuma a kai sai an duba sawu. Ma'aikatan asibiti, mun san yawan jama'ar da ke kanku da ƙarancin lokaci, muna kuwa godiya. Roƙonmu dai in an buɗe kati aka ga sukari, a ƙara duban mutumin da ya kawo katin.

Daga ƙarshe ina kai kuka ga hukuma. Naman da bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba sai da ya ƙetare teku kafin a karanta shi, ni kuwa na sami abin sayarwa. Akawu da malamin makaranta da ke jiran ƙarshen wata fa, balle manomi? Da za a sa irin madubin nan a manyan asibitocinmu na koyarwa, a horar da yaranmu su iya karanta shi, da an gane cututtuka da yawa da yanzu a ke binnewa da sunan sukari. Wa ya sani ko ƙarancin masu irin cutata a ƙasashenmu ƙarancin dubawa ne?

 Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara wa masu lafiya lafiya, amin. Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani tsohon malamin makaranta.